Murtala da Abacha: Yadda mizanin tarihi ke juyawa a Kano

A watan Yunin 2008, tsofaffin shugabannin Najeriya uku suka haɗu a gidan iyalan marigayi Janar Sani Abacha da ke Nassarawa GRA a Kano. Janar Muhammadu Buhari da Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar sun je ne domin addu'ar cikar mai gidan shekara 10 da rasuwa. Da aka shafa, sai suka tsaya gaban ’yan jarida suka wanke shi. Buhari ya fi kowa fitowa fili, inda ya nuna cewa zargin satar kuɗi da ake yi wa Abacha zargi ne kawai, tunda an shekara 10 ba a tabbatar da shi ba.

Bayan shekara 12 da wannan zama, Buhari yana kan kujerar shugaban ƙasa, gwamnatinsa ta karɓi Dala miliyan 311 daga Amurka da tsibirin Jersey, kuɗin da kotunan can suka ce an kwashe daga baitulmalin Najeriya a zamanin Abacha. A cikin shekarar ta 2020 ya rubuta wata maƙala a mujallar Newsweek, inda ya gode wa ƙasashen da suka dawo da kusan Dala biliyan ɗaya da ya ce an sace a ƙarƙashin wata gwamnatin soja ta shekarun 1990. Bai kama suna ba, amma kowa ya san inda aka dosa.

Shi kuwa Babangida sai da ya jira har 20 ga Fabrairun 2025. A littafin tarihin rayuwarsa da aka ƙaddamar a Abuja ranar, ya amince cewa Cif MKO Abiola ne ya lashe zaɓen 12 ga Yunin 1993, sannan ya ɗora alhakin soke zaɓen a kan wasu hafsoshi da ya ce Abacha ne jagoransu. Iyalan marigayin suka mayar da martani da zafi. Hujjarsu ita ce, Babangida ne ke riƙe da madafun iko a lokacin, kuma ba jarumta ba ce a jira sai mutum ya shekara 26 a kabari sannan a jingina masa laifi.

Biyu daga cikin baƙin nan uku ke nan suka sauya harshe, alhali mamacin bai ƙara ko rage komai a kan abin da ya aikata ba.

Unguwar masu mulki

Nassarawa GRA ta saba da masu mulki, rayayyu da matattu. Tun zamanin Turawa nan ne mazaunin manyan jami'an gwamnati, da faffaɗan filaye da dogayen bishiyoyi, kodayake yanzu otal-otal da makarantu masu zaman kansu da rukunin gidaje sun cinye da yawa daga cikin filayen. Nan Gidan Gwamnatin Kano yake. Nan kusa kuma Gidan Sarki na Nassarawa yake, inda aka binne wasu daga cikin sarakunan Kano, har da Alhaji Ado Bayero a 2014. A wannan unguwa aka kawo gawar Abacha daga Abuja ranar 8 ga Yunin 1998, aka binne shi a ranar, yana da shekara 54.

Ba shi kaɗai ba ne ɗan Kano da ya mulki Najeriya. Idan ka bar Nassarawa ka nufi Hausawa ta wajen titin Gidan Zoo, za ka iske masallacin Murtala, inda kabarin Janar Murtala Ramat Muhammed yake. Duka biyun sojoji ne, duka biyun da juyin mulki suka hau, duka biyun suna cikin hafsoshin Arewa da suka yi juyin mulkin ramuwar gayya na Yulin 1966, kuma duka biyun a kan mulki ajali ya same su. Amma ɗaya hotonsa ne a jikin takardar kuɗi, ɗayan kuma sunansa ne a takardun kotunan Siwizalan da Amurka. A Legas ko Landan, magana ta ƙare a nan. A Kano ba ta ƙare ba.

Wata shida da rabi

Murtala ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975 bayan an hamɓarar da Janar Yakubu Gowon, aka kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976 a yunƙurin juyin mulkin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka. Kwanakinsa ba su cika 200 ba. A cikinsu ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa Abuja, ya soke ƙidayar 1973 da ta jawo rigima, ya kafa kwamitin tsara kundin mulki, ya kuma sa ranar 1 ga Oktoban 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula. A Janairun 1976 ya tsaya a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Adis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola, duk da wasiƙar da shugaban Amurka Gerald Ford ya aike wa shugabannin Afirka yana neman akasin haka.

Ya mutu yana da shekara 37, a cikin cunkoson motoci, ba jiniya ba dogon ayari. Wannan mutuwa ita ta rufe littafinsa tun tawada ba ta bushe ba. A 1977 aka fitar da takardar Naira 20 da hotonsa, shi ne ɗan Najeriya na farko da aka yi wa haka. Filin jirgin saman Legas ya ɗauki sunansa, haka babban asibitin cikin birnin Kano da titin da ya ratsa tsakiyar gari.

Sai dai akwai shafukan da ba a cika buɗewa a Kano ba. A watan Oktoban 1967, lokacin yaƙin basasa, sojojin runduna ta biyu wadda Murtala ke jagoranta sun shiga Asaba, aka tara maza da samari aka harbe ɗaruruwa. Har yau mutanen garin na taron tunawa da ranar 7 ga Oktoba, kuma a wurinsu sunan da Kano ke alfahari da shi ba sunan alheri ba ne. Akwai kuma yunƙurin tsallaka kogin Neja zuwa Onica da ya yi ta maimaitawa, wanda ya ci rayukan sojojinsa masu yawa.

Ko kora daga aiki da aka yi a zamaninsa, wadda talakawa suka yi wa tafi, masana harkar mulki sun daɗe suna sake duba ta. Fiye da ma'aikata 10,000 aka sallama cikin ’yan watanni, wasu a rediyo suka ji sunansu, da yawa ba tare da an saurari ta bakinsu ba. Masu sukar matakin na ganin daga nan ma'aikacin gwamnati ya daina yarda cewa aikinsa zai kai shi fansho, ya koyi tara abin da zai ci tun yana kan kujera. Wato maganin da aka sha domin cin hanci, shi ya ƙara wa cutar ƙarfi.

Kano ma tana da nata misalin a cikin wannan shara. Kwamishinan ’yan sanda Audu Baƙo, gwamnan jihar na farko daga 1967 zuwa 1975, yana cikin gwamnoni 10 daga 12 na zamanin Gowon da binciken gwamnatin Murtala ya samu da laifi. Yau kuwa da wuya a yi hirar gwamnonin Kano ba a fara da shi ba, saboda madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda da noman rani na Kadawa. Sakatariyar jiha sunansa take ɗauke da shi, haka gidan namun daji. Kanawa sun riƙe mai hukuncin da wanda aka hukunta duka a matsayin gwaraza, kuma ba su ga wani karo a cikin hakan ba.

Fetur Naira 11

Lissafin Abacha ya fi wuya, domin shi ya daɗe. Ya karɓi mulki daga hannun Cif Ernest Shonekan ranar 17 ga Nuwamban 1993, ya yi shekara huɗu da kusan wata bakwai. Tun kafin nan ’yan Najeriya sun san muryarsa, domin shi ya karanta sanarwar kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a rediyo ranar 31 ga Disamban 1983.

A majalisun dattawa da tashoshin mota da shafukan Facebook na Hausa, abin da ake ambato game da shi kusan iri ɗaya ne. Litar fetur Naira 11. Dala Naira 22. Mutum zai tashi daga Kano da tsakar dare ya nufi Maiduguri ko Gusau ba ya tunanin masu garkuwa da mutane. Sai asusun PTF, wanda Buhari ya shugabanta, da ya gyara tituna ya kai magunguna asibitoci da kayan karatu makarantu. Sai jihohi shida da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoban 1996, ciki har da Zamfara da Gombe da Nasarawa. Sai sojojin ECOMOG da suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998. Sai kuma abin da ya fi burge matasa yanzu, wato cewa bai durƙusa wa Turawa ba, bai ci bashin IMF ba.

Yawancin wannan gaskiya ne. Amma ƙwaƙwalwa tana da son zaɓe. Naira 11 ɗin da ake yi wa kallon araha, ƙari ne aka yi a Oktoban 1994 daga Naira 3.25, wato an ninka farashin fiye da sau uku, kuma daga wannan ƙarin ne aka samo kuɗin PTF. Dala Naira 22 kuwa farashin gwamnati ne, wanda hukumomi da masu uwa a gindin murhu kaɗai ke samu. Ɗan kasuwar Kwari da ke son sayo kaya, idan ya je Wapa sai ya ba da Naira 80 da wani abu. Wanda ya samu a 22 ya sayar a 80 ya yi kuɗi bai ɗaga ko tsinke ba.

Hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995, kafin ta sauko ƙasa da kashi 10 a 1997. Magoya baya na ambaton saukowar, masu suka na ambaton hawan. A shekarun ƙarshe matatun mai sun durƙushe, motoci na kwana a layin gidajen mai, kananzir ya yi wuya har mata suka koma girki da murhun garin katako. Wannan murhu sunan Abacha aka laƙaba masa, kuma ba don yabo ba.

Akwai kuma waɗanda ba su fito da rai ba. An rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da ’yan ƙabilar Ogoni takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, abin da ya sa ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Najeriya. An harbe Kudirat Abiola a Legas ranar 4 ga Yunin 1996. Mijinta ya shekara huɗu a tsare, ya rasu wata guda bayan Abacha.

Sau da yawa a Arewa ana ɗaukar wannan a matsayin kukan ’yan Kudu da jaridun Legas. Tarihi bai goyi bayan wannan ɗauka ba. Janar Shehu Musa ’Yar’aduwa, Tafidan Katsina, a gidan yarin Abakaliki ya rasu ranar 8 ga Disamban 1997. A Afrilun 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi aka tsare shi. Bagauda Kaltho, ɗan jarida daga Gombe da ke aiki a Kaduna, ya ɓace a 1996. An yanke wa Shehu Sani ɗaurin rai da rai a 1995. A 1998, shekarar da jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista suka tsayar da Abacha a matsayin ɗan takararsu su duka, ’yan siyasar Arewa 18 ne suka fara rubuta masa takardar ƙin amincewa, kuma tsohon gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi da Sule Lamido sun sha tsarewa a kan haka.

Kada a manta, zaɓen da aka soke ɗin ma, Kano ta zaɓi Abiola ne a kan ɗanta Alhaji Bashir Tofa.

Kuɗin da ke ta dawowa

Babu inda ra'ayin titi da takardun kotu suka raba hanya kamar batun kuɗi. A 2004 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta abin da ya salwanta a zamanin Abacha tsakanin Dala biliyan biyu zuwa biyar. An fara karɓo kuɗin tun zamanin Abdulsalami. Siwizalan ta dawo da kusan Dala miliyan 500 a zamanin Obasanjo, Liechtenstein ta dawo da miliyan 227 a 2014, Siwizalan ta ƙara miliyan 321 bayan yarjejeniyar Disamban 2017, sai na Jersey a 2020. A Nuwamban 2023 Faransa ta sanar cewa za ta dawo da miliyan 150. Abin har ya zama barkwanci a intanet, duk lokacin da aka ji sabon kaso sai a ce Baba ya sake turo alat.

Amsar da masoyansa ke bayarwa, wadda tsohon babban dogarinsa Manjo Hamza Al-Mustapha ya sha nanatawa, ita ce ajiya aka yi wa ƙasa. Najeriya na fuskantar takunkumi, don haka aka ɓoye kuɗin a inda Turawa ba za su riƙe su ba. Wannan bayani ya samu karɓuwa ƙwarai a Kano. Matsalarsa ita ce ƙarar da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta shigar, wadda ta kai ga ƙwace fiye da Dala miliyan 480 a 2014. Takardun ƙarar sun bayyana yadda aka riƙa rubuta wasiƙun neman kuɗin tsaro na gaggawa, ana fitar da tsabar kuɗi daga Babban Bankin Najeriya, fiye da Dala biliyan biyu, suna ƙarewa a asusun iyali da na abokan hulɗa. Mai ajiya don ƙasa ya kan bar wa magajinsa takardar inda ajiyar take. Wannan kuwa sai da lauyoyi suka shekara fiye da 20 suna bin sawu daga banki zuwa banki.

Duk da haka, talakan Kano na da tambayar da ba a amsa masa ba: waɗanda aka dawo da su ina suka shiga? An ce kason 2017 an raba wa marasa galihu Naira 5,000 a wata. Na 2020 an ware shi ga gadar Neja ta biyu da titin Legas zuwa Ibadan da kuma titin Abuja zuwa Kano, wanda aka shekara da shekaru ana aikinsa. Sannan yana tambaya, shin Abacha kaɗai ya taɓa baitulmali? Me ya sa ba a jin sunan kowa sai na wanda ya mutu? Wannan tambaya ba ta wanke Abacha, amma ita ce ta sa hujjojin kotu ba sa ratsa zukata. Mutumin da ya ga an zaɓi ɓarawo ɗaya daga cikin goma, sai ya fara tausaya wa ɗayan.

An ga zurfin wannan ra'ayi a Yulin 2013. Wata kotu a Legas ta yanke wa Al-Mustapha hukuncin kisa a Janairun 2012 kan kisan Kudirat, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta sallame shi bayan kusan shekara 15 a tsare. Da ya sauka Kano, dubban mutane suka cika tituna suna tarbarsa.

Magaji ke gyara wa na baya suna

Abin da ke ɗaga darajar tsohon shugaba a Najeriya, galibi ba sabon bincike ba ne. Halin da ake ciki ne a ƙarƙashin wanda ya gaje shi. Malam Umaru Musa ’Yar’aduwa ya sha suka yana raye, ana kiransa mai tafiyar hawainiya, shi da kansa ya amince zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu. Yau abin da ake tunawa shi ne ya rage kuɗin fetur zuwa Naira 65, ya kuma yi wa tsagerun Neja Delta afuwa. Goodluck Jonathan ya bar mulki a 2015 Arewa na murna, Kano kaɗai ta ba Buhari ƙuri'a miliyan 1.9. Ba a yi shekara biyar ba aka fara jin masu kewar farashin shinkafar zamaninsa. Shi kansa Buhari, da ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, muhawara ta ɓarke a shafukan Hausa tun kafin a kai shi makwanci a Daura, tsakanin masu cewa a yafe masa da masu lissafa rufe iyakoki da canjin kuɗi da kashe-kashen Zamfara da Katsina.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta haura Naira 1,000 a wani lokaci, Dala ta wuce Naira 1,500. A irin wannan yanayi, Naira 11 kan zama kamar tatsuniya. Fiye da rabin ’yan Najeriya ba a haife su ba lokacin da Abacha ya rasu. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta kai har ƙofar Gidan Gwamnati a Nassarawa, an ga samari na ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran soja su karɓi mulki. Mafi yawansu ba su taɓa kwana ɗaya a ƙarƙashin dokar soja ba. A nan ne hirar tarihi ke daina zama hirar shan shayi, domin abin da aka gaya wa matashi game da 1996 shi zai auna 2027 da shi.

Ba Najeriya kaɗai ba ce. A Nijar, Janar Seyni Kountché ya yi mulki da hannun ƙarfe daga 1974 zuwa 1987, ’yan adawa sun mutu a tsare, amma a Maraɗi da Damagaram har yau ana ba da labarin yadda yake dirar wa ma'aikata ba sanarwa, babban filin wasan Yamai kuma sunansa ne. A Ghana an farfasa gunkin Kwame Nkrumah bayan juyin mulkin 1966, ya mutu a gudun hijira a 1972, bayan shekara 20 aka gina masa katafaren hubbare a tsakiyar Accra. A Filifin, jama'a sun kori Ferdinand Marcos a 1986, shi ma yana cikin jerin nan na Transparency International, amma a 2022 aka zaɓi ɗansa shugaban ƙasa da gagarumin rinjaye.

Amurka ma takan sauya ra'ayi. Harry Truman ya kai matakin da kashi 22 cikin 100 kacal ke goyon bayansa a 1952, amma a ƙuri'ar masana tarihi ta tashar C-SPAN a 2021 shi ne na shida a jerin shugabannin ƙasar. Bambancin shi ne, can ana buɗe takardun fadar shugaban ƙasa bayan wasu shekaru, masu bincike su karanta wasiƙu da bayanan taruka, su kafa hujja da su. Idan hukunci ya sauya, akwai takardar da za a nuna.

Rahoton da ke cikin durowa

Najeriya ta taɓa gwada irin wannan. A 1999 Obasanjo ya kafa kwamitin Mai shari'a Chukwudifu Oputa domin binciken take haƙƙin ɗan Adam. Kwamitin ya zauna a garuruwa da dama har da Kano, ana nuna zaman a talabijin, mutane na barin sana'a su kalli Al-Mustapha da sauran hafsoshi suna ba da bahasi. Buhari da Babangida da Abdulsalami, wato baƙin nan uku na Nassarawa, sun ƙi bayyana. An miƙa rahoton a 2002, Babangida ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa kwamitin ba shi da hurumin tilasta wa kowa zuwa. Gwamnati ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi daga baya.

Bayan haka sai aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a ƙarshen shekarun 2000, aka shekara fiye da 10 kafin a fara dawo da shi. Giɓin da aka bari, masu tsawon rai suka cike shi. Shagari ya rubuta nasa littafin, Obasanjo ya rubuta mujalladi uku ya kuma gina wa kansa ɗakin karatu a Abeokuta, Jonathan ya rubuta nasa, Babangida ya bi sahu, attajirai suka yi alƙawarin biliyoyin Naira a wurin ƙaddamarwar. Murtala da Abacha ba su bar ko shafi ɗaya na kare kai ba. Na farko ya samu mutuwar da ta yi masa magana. Na biyu sai iyalinsa da tsofaffin yaransa da farashin kasuwa.

Akwai kuma kunya ta addini da al'ada. Bahaushe ba ya son a ci naman mamaci, da zarar an fara lissafin laifi sai wani ya ce a bar shi da Ubangijinsa. Amma magabatan Kano ba su fahimci hakan a matsayin hana faɗin abin da sarki ya yi wa jama'a ba. Tsohon kundin nan na tarihin sarakunan Kano ya lissafa abubuwan da Muhammadu Rumfa ya ƙirƙiro, irin su kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau. Kundin nan dai bai ɓoye cewa Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, ya matsa wa kasuwar da haraji har ta kusa mutuwa ba, ya sa wa malamai ma haraji, fatake Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Marubucin ya ambaci jarumtarsa a fagen yaƙi, ya ambaci harajin, ya wuce zuwa sarki na gaba.

Gwamnatin Najeriya kuwa har yanzu tana magana da baki biyu. Obasanjo ya cire sunan Abacha daga barikin soja na Abuja ya mayar da shi barikin Mogadishu, amma filin wasa na Ƙofar Mata da babban titi a Kano na nan da sunan. A Fabrairun 2014, a bikin cikar Najeriya shekara 100 da haɗewa, gwamnatin Jonathan ta ba Abacha lambar yabo, Hajiya Maryam Abacha ta karɓa, Farfesa Wole Soyinka ya ƙi karɓar tasa saboda an haɗa su a jeri ɗaya. Ba a yi mako biyu ba Amurka ta sanar da riƙe ɗaruruwan miliyoyin Dala da ta danganta da shi.

A 2018 Buhari, wanda ya yi wa Abacha aiki a PTF, ya mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, ya ba Abiola lambar GCFR da ake ba shugabannin ƙasa. Ranar 12 ga Yunin 2025 kuma, Shugaba Bola Tinubu, wanda shi ma gudun hijira ya yi a zamanin Abacha, ya tsaya gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa ya karanto sunayen waɗanda ya karrama. A ciki akwai Kudirat Abiola da Shehu Musa ’Yar’aduwa da Bagauda Kaltho. Ya kuma yi wa Saro-Wiwa da ’yan uwansa takwas afuwa. Iyalansu da ƙungiyoyin Ogoni suka ce ba afuwa suke nema ba, domin afuwa ta mai laifi ce, so suke gwamnati ta fito ta ce tun farko ba su aikata komai ba.